Tarihi ko Akiyoloji: wanne za ka cike a JAMB idan zamanin da ne ya tafi da hankalinka?

Duk shekara in lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo sai an samu yaro ko yarinya da ke son labarin mutanen da, irin wanda ya ji an ce an tono kwalekwale a Yobe da ya kai shekara 8,000 ya kasa barci, toh sai ya tsaya cak tsakanin kos biyu, Tarihi da Akiyoloji, wato ilimin tono da nazarin kayan da mutanen da suka bari a ƙasa. A gida kuma kowa da tasa, wani ya ce ai duk ɗaya ne, wani ya ce duk biyun ba aiki. Ba ɗaya ba ne, ƙanena, kuma bambancin ya fi yadda kake zato, har yana iya sa ka yi shekara huɗu kana karanta abin da ba shi ka zo nema ba.

Ga abubuwan da nake ganin ya kamata ka auna kafin ka danna komai. Na farko wane zamani ne kos ɗin zai kai ka a zahiri, ban da abin da sunansa ke nunawa. Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin rajista kaɗai ba. Na uku sauƙin samun admishan da irin wahalar da ke cikin karatun. Na huɗu haɗari, na hanya da na daji da na surutun dangi. Na biyar ƙarkon digirin, wato bayan ka gama bautar ƙasa wace ƙofa zai buɗe maka kuma har yaushe. Zan bi zaɓi uku da su, Tarihi zalla, Akiyoloji, sai Tarihi mai haɗi da wani abu.

Tarihi zalla

Bari in fara da abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba. Sashen Tarihi da rubutu da baki yake aiki, takardu da littattafai da hira da dattawa, kuma rubutunmu na ƙasar Hausa yana da iyaka. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta ya fara lissafi ne daga Bagauda, wanda masana suka sa a shekarar 999, kaga kenan shekara dubu da ɗoriya, kuma shi ma a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi. Mafi yawan abin da za ka karanta, musamman daga aji biyu zuwa huɗu, zai faɗa kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 da daular Sakkwato, Borno, zuwan Turawa a 1903, mulkin En'e, siyasar jamhuriya ta farko, yaƙin basasa, sai tarihin Turai da Amurka da Gabas ta Tsakiya. Tsohuwar Masar da Kush da Girka da Rum da daulolin Gana da Mali da Sangai za a taɓa su, amma yawanci kwas ɗaya ko biyu ne a farko-farko, a wuce. In burinka ka zama masanin Fir'aunoni ne, wannan sai a mastas, kuma kusan dole a waje.

Amma in zamanin da kake nufi shi ne na Kano da Katsina da Zazzau da Kabi da Gobir kafin jihadi, toh ka zo gida. Makarantar tarihi ta Zariya ba ƙarama ba ce, Abdullahi Smith ne ya kafa sashen a ABU a 1962, daga nan mutane irin su Yusufu Bala Usman da Mahdi Adamu suka fito, waɗanda suka koya wa ɗalibai kar su haɗiye labarin Bayajidda ko rahoton Razdan ba tare da sun tambayi wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake nema da faɗar ba. Wannan horon shi ne ainihin abin da za ka saya da shekara huɗunka. BUK da jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri duk suna da sashen, haka jami'o'in jihohi da yawa, saboda haka ba sai ka yi nisa da gida ba.

Kuɗi kam shi ne mafi sauƙi a cikin ukun. Rajista, littattafai, fotokofi, data. Sai a aji huɗu lokacin furojet za ka kashe na mota zuwa Kaduna, inda ɗakin adana takardu na ƙasa yake da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa, da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mai da cibiyar bincike a 1970. In aikinka kan Sakkwato ne akwai hukumar tarihi ta Waziri Junaidu, in kan Kano ne akwai Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mumbayya. Sai ɗan goron da za ka riƙe wa dattijon da za ka yi hira da shi, wannan kar ka manta da shi don ba a zuwa hannu rabbana.

Shiga ba wuya in aka kwatanta da Lauya ko Aikin Jarida, kuma da yake an cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajen 2009 sai bayan shekaru aka dawo da shi, ɗalibai da yawa ba su da shi a WAEC, shi ya sa jami'o'i da dama ke karɓar darasin Gwamnati a madadinsa, amma ka duba ƙasidar JAMB ta shekararka kar ka dogara da maganata. Wahalar tana cikin karatu da rubutu. In ba ka iya zama da littafi mai shafi 300 na Turanci, ko rubuta amsa mai shafi biyar a awa ɗaya ba, za ka sha wuya. Ga kuma wani sirri, ɗalibin da ya taso a makarantar allo da ta zaure ya iya Larabci yana karanta Ajami, ya riga 'yan ajinsu nisa sosai, domin rubuce-rubucen Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da wasiƙun sarakuna mafi yawansu da Larabci suke, kuma masu iya karanta rubutun hannu na da a cikin masu digirin Tarihi ba su da yawa.

Haɗari kusan babu, sai dai na siyasar gari, in ka ɗauko furojet kan rikicin sarauta ko asalin wata zuriya, ka shirya jin "wa ya aiko ka". Ƙarko kuwa matsakaici ne. Digirin bai koya maka wata sana'a guda ba, amma kuma bai ɗaure ka ba, za ka iya koyarwa, aikin gwamnati, jarida, rediyo, ƙungiyoyi, soja ko ɗan sanda ko kwastan, duk inda aka ce a kawo digiri kowane iri.

Akiyoloji

Nan ne tsohon zamani na gaske yake, wanda rubutu bai kai ba. Ɗauki Nok a kudancin Kaduna, masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a 1928, sai a shekarun 1940 Bernard Fagg ya gane cewa al'ada ɗaya ce mai faɗi, shi ne kuma ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken da jami'ar Frankfurt ta Jamus ta fara daga 2005 ya mai da farkon al'adar wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a Taruga an samu wuraren narkar da tama tun ƙarnuka kafin haihuwar tasa. Kwalekwalen Dufuna kuma wani Bafulatani ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, aka fito da shi a 1994 da haɗin gwiwar jami'ar Maiduguri da Jamusawa, tsawonsa ya haura mita 8, kuma shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka. Ga tudun Daima a Borno da Graham Connah ya tona a shekarun 1960, ga zanen duwatsu na Birnin Kudu, ga kaburburan Durɓi Takusheyi kusa da Mani inda aka samu kwanonin tagulla da wuri da kayan ado da suka nuna Katsina na ciniki da nesa tun kafin a fara rubuta labarinta sosai, ga ganuwar Surame ta Kanta, ga Turunku da Kufena. A Nijar ga Bura da Boubé Gado ya tona a 1983, ga raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabous. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da za ka iya ganowa kana zaune a laburare.

Sai dai ka cire hoton fim daga kanka, ba zinare za ka riƙa tonowa ba. Kaso mafi tsoka na aikin tsingaro ne, fasassun tukwane, da kashin maƙera da gawayi da dutsen niƙa da ƙasusuwan dabbobi. Za a ja igiya a kafa turaku a yanka rami mai kusurwa huɗu, ka durƙusa da ɗan cokalin magina da burushi kana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, kana tankaɗe ta a rariya, kana auna zurfin duk abin da ya fito kana zanawa kana rubutawa, domin in ka ciro abu ba ka rubuta a wane hawan ƙasa yake ba ka kashe shaidar, kuma rami ba ya tonuwa sau biyu. Bayan an dawo makaranta sai wanke tsingaro da jera su da ƙirga su da duba zanen bakin tukunya, makonni ana abu ɗaya. Wanda ba shi da haƙuri kar ya fara. Akwai kuma ɗan kimiyya a ciki, ilimin ƙasa da duwatsu, karanta taswira, amfani da GPS, yadda ake gano shekarun abu ta gawayi, ɗan lissafi, ba mai kisa ba amma ɗan ajin Adabi da ya gudo daga lissafi ya san da shi.

Wuraren karatu kaɗan ne, wannan ma ka sa a lissafi. A Arewa ABU Zariya ce babba, sai jami'ar Jos. A Kudu akwai Ibadan, inda Thurstan Shaw mai tonon Igbo-Ukwu ya kafa harsashin abin, can an haɗa shi da nazarin al'ummomi, sai Nsukka da ta haɗa shi da harkar yawon buɗe ido. Ɗan Nijar kuma yana da sashen tarihi na jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da cibiyar IRSH mai sashen tono da na rubuce-rubucen Larabci da Ajami, amma da Faransanci ake komai. Admishan ba ya wuya don masu nema ba su da yawa, gaskiya ma da yawan 'yan ajin turo su ake yi daga wani kos ɗin da suka rasa, kuma wannan alheri ne gare ka in kai da son ranka ka zo, aji ƙarami ne, malamai za su san sunanka, in wata tawagar bincike ta zo neman ɗalibai kai za a fara tunawa.

Kuɗi ya fi na Tarihi. Rajistar kusan ɗaya ce tunda yawanci tsangaya ɗaya ce, amma fita daji akwai kuɗin mota da abinci da takalmi da hula da gidan sauro da magani, furojet ɗinka kuma sai ka je wani kufai ka yi kwanaki, ka gaida mai gari, ka sallami wanda ya raka ka. In ka kai mastas kana son a auna shekarun gawayinka, ƙasar waje ake aikawa kuma ɗaruruwan daloli ake biya kan samfur ɗaya, da canjin yanzu kaga ba aikin aljihun ɗalibi ba ne sai da tallafi. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 zai iya ɗauke maka rajista, amma ba don daji aka tsara shi ba.

Haɗari nan ne ya fi yawa kuma ba zan ɓoye maka ba. Wurare masu kyau da yawa suna yankunan da matsalar 'yan bindiga da masu garkuwa ta shafa, a Zamfara da Katsina da Sakkwato da sassan Kaduna, Borno da Yobe kuma kowa ya san abin da aka sha. Sassa kan zaɓi wurin da ke da lafiya kusa da gari, amma hakan na nufin wasu shahararrun wuraren sai dai ka gan su a hoto. Ga maciji da kunama da zazzaɓi. Haɗari na biyu na jaraba ne, kasuwar sata. A shekarun 1990 an yi wa wuraren Nok da na Katsina da Sakkwato da Bura wawaso aka fitar da kaya Turai, har aka sa su a jerin kayan tarihin da ke cikin haɗarin sata da ake gargaɗin duniya kar a saya a 2000. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono ba izini, ta kuma hana sayarwa da fitarwa, toh duk dillalin da ya zo maka da zancen kai da ka san wurare mu yi harka, gidan yari yake nuna maka. Na uku surutun gida, za a ce tonon kabari kake karanta ko tattara gumaka. Ka zauna da iyayenka ka yi musu bayani tun kafin ka cike fom, ka ce musu yawancin aikin kufai ne da ganuwa da maƙera, kuma Alƙur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. 'Yan mata suna yi, kuma suna yi da kyau, amma maganar kwana a ƙauye da tawaga gara a warware ta da Baba tun a aji ɗaya.

Ƙarko fa? Ƙofar ƙunci ce amma mai zurfi. Babban mai ɗaukar aiki hukumar gidajen tarihi ce, mai gidaje a Jos da Kaduna da Gidan Makama na Kano da sauran jihohi, sai hukumomin tarihi da al'adu na jihohi, sai jami'a, kuma ba kullum suke ɗauka ba. Da digirin farko kaɗai ba za a kira ka masani ba, sai da mastas, gara ma dakta. Amfanin shi ne ku kaɗan ne, kuma fagen yana da alaƙa da jami'o'in waje fiye da yawancin kwasa-kwasan tsangayar, musamman Jamus da Ingila, ga maganar dawo da kayan tarihi ta taso da ƙarfi tun da Jamus ta sa hannu a 2022 kan mayar da tagullan Benin sama da 1,000 da asalinsu sojojin Ingila suka kwashe a 1897, kayan nan kuwa suna buƙatar masu adanawa da rubuta bayanansu. In ka haɗa da iya taswirar kwamfuta da ɗaukar hoto da jirgi mara matuƙi, ko ba a tono kana da abin yi.

Tarihi mai haɗi

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai Tarihi da Hulɗar Ƙasashe, wanda jami'o'i da yawa suka koma wa don sunan ya fi jan ɗalibai. Ba laifi, amma ga mai son tsohon zamani shi ne mafi nisa, domin awannin da za a ba Kush da Mali an ba Majalisar Ɗinkin Duniya da ECOWAS da yaƙin cacar baka, kuma kar sunan ya ruɗe ka ka ɗauka jakada za a naɗa ka, ma'aikatar harkokin waje kujerunta ƙidayayyu ne. Masu nema sun fi yawa, makin shiga kan ɗan ɗaga. Kuɗi da haɗari daidai da Tarihi zalla.

Sai Tarihi da Ilimin Koyarwa, a tsangayar ilimi. Shi mutane ke rainawa alhali shi ne mai hanyar aiki mafi miƙewa, ka fito da cancantar rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai, ba sai ka koma ka yi difloma ta koyarwa ba, kuma tunda aka dawo da Tarihi makarantu ana ƙarancin malamansa. Mai NCE ma zai iya shigowa kai tsaye aji biyu ya yi shekara uku. Abin da za ka rasa shi ne zurfi, wani kaso na kwasa-kwasanka na koyarwa ne, ga kuɗin zirga-zirgar koyon koyarwa na wata da watanni.

| Abin dubawa | Tarihi zalla | Akiyoloji | Da Hulɗar Ƙasashe | Da Koyarwa |
|---|---|---|---|---|
| Tsohon zamani a ciki | kaɗan zuwa matsakaici | shi ne kos ɗin | kaɗan ƙwarai | kaɗan |
| Kuɗi bayan rajista | kaɗan | da ɗan yawa | kaɗan | matsakaici |
| Samun admishan | ba wuya | sauƙi, amma jami'o'i kaɗan | ɗan gasa | sauƙi |
| Inda wahalar take | karatu da rubutu | rana, haƙuri, ɗan kimiyya | karatu da rubutu | koyon koyarwa |
| Haɗari | kusan babu | hanya, daji, dillalai | kusan babu | kusan babu |
| Aiki da digirin farko | faɗi amma ba tabbas | ƙunci, sai da mastas | faɗi amma ba tabbas | mafi kusa |

Wa ya dace da wanne

In abin da ke hana ka barci Nok ne da Dufuna da su wa suka fara narkar da tama a gindin Dala, kuma jikinka na ɗaukar rana, gidanku za su iya jure ka yi karatu har mastas kafin ka fara kawo cefane, cike Akiyoloji a Zariya ko Jos, ka ɗauki kwasa-kwasan zaɓi a sashen Tarihi, ka fara koyon taswirar kwamfuta tun aji biyu.

In kana da Larabci da Ajami, ko kai mai son zama da dattawa ne da tsofaffin takardu, kuma zamanin da ke burge ka na su Rumfa da Sarauniya Amina da Kanta da Shehu ne, Tarihi zalla naka ne, kuma kar ka bar Larabcin nan ya kwanta, shi zai raba ka da sauran masu digiri irin naka.

In kai ne babba a gida ana jiran albashinka, ko kana da NCE a hannu, ko ke ce aure na gaba kina son aikin da za ki yi a garinku, ɗauki Tarihi da Koyarwa, mastas a Tarihi zalla na nan in hali ya samu daga baya.

In dama can siyasar duniya da aikin ƙungiyoyi ne a ranka, tsohon tarihi sha'awa ce ta gefe, je Hulɗar Ƙasashe ka ƙara da Faransanci. Wanda kuma Masar ko Rum ko Bagadaza ta da yake so ya ƙware a kai, ya yi Tarihi ko Akiyoloji a nan ya dage ya fito da sakamako mai kyau sosai, ya fara neman tallafin karatu na waje irin DAAD ko Commonwealth tun yana bautar ƙasa.